Taubasan Layin Dogo

Akwai wata majalisa da nakan zauna a gefenta a Sabon Garin Zariya, gindin wata darbejiya, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Yawancin masu zaman tsofaffin ma'aikatan reluwe ne: wani ya yi direba, wani ya yi kanikanci a Loko, wurin gyaran jirgi, wani ya ƙare aikinsa yana bin layi a ƙasa da guduma a kafaɗa. Sai 'ya'yansu da suka tashi a kwatas, sai kuma wasu samari biyu ko uku da ba su gaji reluwe ba, son jirgi kawai ya kawo su, kullum waya a hannu suna jiran kan jirgi ya gifta su ɗauki hotonsa. Ran nan wani dattijo Bayarabe da ya haura shekara hamsin a Zariya ya iso yana dogara sanda, ya dubi abokinsa Bazazzagi ya ce, "Malam, ina kwana. Uwargida ya tashi lafiya?" Malam ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Ya tashi, Baba, na baro shi yana gyaran gemu." Aka kwashe da dariya. Baba ya zauna, ya gyara hularsa, ya ce to tunda Hausa ta yi masa gardama da sassafe, Malam ya daure ya gaya wa jama'a da Yarbanci abin da ya tsaya jira a tashar Offa shekarun baya. Nan ma wuri ya ɗauka, don kowa ya san labarin: Malam ya so ya ce yana jiran jirgi, murya ta zame masa, ya ce yana jiran mijinsa.

Ga wanda bai ji Yarbanci ba, ga inda gizo yake saƙar. Baƙaƙen kalmar ɗaya ne, bambancin yana ga hawa da saukar murya. Ọkọ̀, murya ta sauka a ƙarshe, jirgi ke nan ko mota. Ọkọ, murya a miƙe, miji. Ọkọ́, murya ta hau, fartanya. Mu ma Hausawa muna da karin sauti, amma namu sama da ƙasa ne sai mai faɗuwa, nasu kuwa hawa uku ne, kuma a na tsakiyar nan ƙafarmu take zamewa. Shi kuma Bayarabe harshensa bai raba namiji da mace a wakilin suna ba, kalma ɗaya ce ga kowa, shi ya sa "ya" da "ta" suke zame masa ƙaya ko da ya tsufa yana cin tuwon Zazzau. Kowannensu ya san inda ɗan'uwansa yake tuntuɓe, kuma ya san an san nasa.

Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne, wannan maganar da aka yi wa dariya a gindin darbejiya, in baƙo ya yaɓa wa baƙo ita a tashar mota, tana iya kaiwa ga cin kwala. Me ya halatta ta a nan ya haramta ta a can? Amsar da ake saurin bayarwa ita ce sabo. Gaskiya ne, amma sabo kaɗai bai isa ba, don akwai maƙwabtan da suka shekara talatin katanga ɗaya ba su taɓa irin wannan wasa ba, gaisuwa ce kawai ta mutunci. A ganina reluwe ta haifar da wata irin taubasantaka wadda ba ta jini ba, ba kuma ta tarihin garuruwa ba, kuma tana da kuɗin shiga: sai ka yarda ka karya harshenka cikin yaren mutum an yi maka dariya, kafin ka sami izinin yi wa tasa karyayyar Hausar dariya.

Sai an koma ga yadda aka shimfiɗa layin kafin a ga tushen abin. Wanda ya taso daga Legas ya kai Badun a 1901. Na Arewa daga Baro aka faro shi, a bakin kogin Kwara, a 1907, zamanin Gwamna Girouard, ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe su biyun suka zama reluwe ɗaya, shekara biyu kafin a haɗe ƙasar kanta. Na gabas ya tashi daga Fatakwal ya kai Inugu a 1916 saboda kwal, sannan ya ratso ta Makurɗi da Kafanchan ya sadu da na yamma a Kaduna. Aka ja reshe zuwa Ƙauran Namoda a 1929, wani zuwa Nguru a 1930, na Maiduguri kuwa sai 1964 ya isa. Waɗanda suka yi wannan aiki ba zumunci ne ya dame su ba. Gyaɗa da auduga da kuza da fatu suke so su kai bakin teku. Leburorin farko ma da yawansu ba da son ransu suka zo ba, ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su, Nufawa da Gwarawa da Hausawa, aka damƙa musu diga da shebur.

Amma layi ba ya tafiya da lebura kaɗai. Yana son akawu, da mai buga waya, da bakanike, da direba, da mai zuba kwal a wuta, da shugaban tasha. A wancan zamani masu ilmin boko yawancinsu 'yan Kudu ne, har da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, wato Ghana ta yau, kuma reluwe ba ta tambayar mutum inda yake so a kai shi. Yau kana Ebute Metta a Legas, gobe takarda ta zo sai Nguru. Haka Sabon Gari ya cika a Kano da Zariya, haka Kafanchan da Minna suka zama garuruwan da ake jin harshe biyar a layin famfo ɗaya. Mu kuma muka bi jirgin muka gangara: shanu su sauka Kudu, goro ya hau Arewa, Sabo, unguwar Hausawa, ta kafu a Badun a 1916, Agege ta cika da fatake. Yaron da aka haifa a irin waɗannan wurare da yare uku yake tashi ba tare da ya san ya koya ba. A Zungeru aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, ɗan akawun gwamnati, kuma Hausa ce yaren ƙuruciyarsa.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne kalmomin da aka yi wa wannan baƙon ƙarfe. Bahaushe ya gan shi ya ce jirgi, wato abin da ya sani yana tafiya a kan ruwa, sai ya ƙara masa "ƙasa". Bayarabe ya ce ọkọ̀ ojú irin, kuma ọkọ̀ ɗin nan asalinsa kwalekwale ne. Ibo ya ce ụgbọ oloko, shi ma ụgbọ jirgin ruwa ne, oloko kuwa daga kalmar Turanci ta kan jirgi aka gutsuro ta, wadda mu muka mayar "Loko" muka raɗa wa wurin gyara da unguwar da ke kewaye da shi. Al'umma uku, ba wanda ya shawarci wani, kowa ya dubi jirgin ƙasa ya ga kwalekwale. A majalisar nan akwai wani dattijo Ibo, tsohon bakanike, da yake cewa wannan ita ce yarjejeniya ɗaya tak da aka taɓa cim ma a ƙasar nan ba tare da an kafa kwamiti ba.

Sauran kalmomin aikin kuwa Turanci ne da kowane baki ya tauna yadda haƙoransa suka iya. Tasha, tikiti, fasinja, direba, lebura, heluma, diga, shebur, kwalbati, sigina. Masana harshe suna cewa ko "gada" daga sunan Turanci na dogayen ƙarafan da ake ɗora ta a kansu ta fito. Wadda ta fi burge ni ita ce bakanike: Bahaushe ya ji kalmar Turanci mai farawa da "ma", kunnensa ya mai da ita "ba" irin ta Bakano da Bakatsine, shi ke nan sai ga jam'i, kanikawa, sai ga sana'a, kanikanci, kamar wata ƙabila ce mai garinta. Wasu kuma ta bakin Yarbawa suka iso mana, irin su akawu da titi da ashana da agogo, su kuma suka tafi da wahala da albasa da lafiya. Har kuɗin da aka riƙa biyan leburori da su, sule da sisi da taro da kwabo, sun shigo da sunayensu.

Wannan tarin kalmomi shi ne dandalin wasan. Ba na kowa ba ne, don haka ba wanda zai ce nasa furucin ne daidai. Bahaushe ya ce Fatakwal da fasinja, a yi masa dariyar "f". Bayarabe ya ƙara wasali a wutsiyar kowace kalma, a yi masa tasa. Wanda harshensa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ kuwa ya shiga uku, don da zarar ya ce "jirgin kasa" za a tambaye shi ko wanda ya kasa yake nufi, ko kuwa na macijiya. Ibo ma yana da tarkonsa da yake ɗana wa kowa: akwa, wadda gwargwadon murya take zama ƙwai, ko tufa, ko kuka, ko gado, ko gada. Ka ce za ka tsallake gadar Makurɗi, ka tsallake ƙwai.

Mu dai ba baƙin irin wannan wasa ba ne. Muna da na jika da kaka, da na taubasai, har da kuɗin shara da ake bi a watan cika-ciki. Muna da na garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari, Fulani da Tibi, maƙera da Buzaye. Dokarsa sananniya ce, ba fushi, ba kai ƙara, kuma ranar da abokin wasanka ya shiga matsala kai ne na farko a ƙofarsa. A Nijar abin ya yi ƙarfin da har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Da layin dogo ya zo, tsofaffin abokan wasan nan sun sami tashoshinsu a jere: Bakatsine ya bi ta Mokwa da Jebba ya tarar da Nufawansa, Bafulatani ya sauka a Nguru ya faɗa hannun Barebari, Bakano kuwa ba shi da hanyar zuwa Kudu sai ya ratsa Zariya.

Sai dai akwai bambanci babba, kuma a nan ne nake ganin mutane suna ruɗewa. Wasan gado da izininsa ake haihuwar mutum. Yaro Bakatsine yana iya haɗuwa da dattijo Banufe yau, bai taɓa ganinsa ba, ya tsokane shi, dattijon ya rama yana murmushi, don kakanni sun riga sun biya. Tsakanin Bazazzagi da Ibo kuwa, ko tsakanin mutumin Kagoro da na Ijebu, ba wani kakan da ya biya komai. Su da kansu suka biya, da shekarun da suka yi suna kwana a tasha ɗaya cikin daji, suna cin abinci a kwano ɗaya, kowa yana lallaɓa yaren ɗan'uwansa yana faɗuwa yana tashi. Shi ya sa izinin nasu ne su kaɗai, ba a gadonsa, ba a aronsa.

Na ga wannan da idona. Ɗaya daga cikin samarin masu ɗaukar hoto, yaro mai hankali, ya ga ana raha sai ya ɗauka ƙofa a buɗe take. Ya kwaikwayi Hausar Baba, ya ja ta yadda masu wasan kwaikwayo suke yi. Ba wanda ya yi dariya. Malam ya dube shi ya ce, "Yaro, kai da wane yare aka taɓa yi maka dariya?" Yaron ya sunkuyar da kai. Baba ne ya cece shi, ya ce, "Ƙyale shi, Malam. Zo nan, ɗana. Ka ce ẹ kú iṣẹ́." Wato sannu da aiki. Yaron ya gwada, ta fito a karkace, ya sake, ta ƙara karkacewa, majalisa ta ɗauki dariya har da masu tafi. Tun daga ranar, in ya iso da waccan gaisuwa yake farawa, Baba kuma ya amsa masa da Hausarsa mai mai da mace namiji, su yi dariyarsu tare. Yanzu yana iya tsokanar Baba kaɗan, gwargwadon abin da ya biya.

Wannan ma'auni ne yake raba wasa da zagi, kuma muna da misalai masu ciwo na abin da yake faruwa in aka tsallake shi. Sunan da yawancinmu muke kiran Ibo da shi, Inyamuri, daga maganarsu ya fito, nye m mmiri, ba ni ruwa. Jimla ce ta mai jin ƙishi, aka ji ta, aka mai da ita sunan al'umma guda, mafi yawan masu faɗinta kuma ba su san kalma ta biyu a yaren ba. Haka "aboki", kalma mai daɗi a bakinmu, ta koma wani abu dabam a titunan Legas da Fatakwal, ana jefa ta ga duk mai tura baro ko mai gyaran takalmi da sautin raini. Tibi ba sa son a ce musu Munci, ko da yake labarin da ake bayarwa na asalin sunan, na shanun Bafulatani da aka ce "mun ci", cikin wasa ake ba da shi. Mu kanmu muna cewa wane yana gwaranci in Hausarsa ba ta fita, ba mu tsaya mun tambayi Gbagyi yadda suke ji ba. Duk waɗannan kalmomi ne da aka ɗauko daga bakin mutum aka jefe shi da su daga nesa. Mai jifar bai saka nasa harshen a kasada ba. A gindin darbejiya na sha jin Malam ya kira abokinsa Ibo da wancan suna, shi kuma ya amsa da "aboki", amma Malam yana iya zaunawa ya yi cinikin doya da Ibo tun daga taya har sallamawa, kuma tare suka yi jana'izar mutanen juna. Kalma ɗaya ce, bakin da ta fito ne ya bambanta.

Ba na son in zuzuta abin ya wuce matsayinsa. Wasan bai hana 1966 faruwa ba. Layin da ya kawo mutanen Gabas Arewa shi ne ya kwashe su cikin firgici bayan kashe-kashen wannan shekara, taragu cike har rufi, reluwe kuma ta wayi gari ta rasa ɗimbin ƙwararrun ma'aikatanta, sannan yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Dattawan majalisar ba sa wasa da wannan babi. In hira ta gangaro nan, murya takan sauka, a koma yare ɗaya, a faɗi wanda ya ɓoye wa a ɗakinsa, da wanda ya riƙe wa wani gida har ya dawo, da wanda bai dawo ba. Abin da zan iya cewa shi ne, wasu sun dawo bayan yaƙi, kuma ƙofofin da suka fara ƙwanƙwasawa na abokan wasansu ne. Kafin wannan ma an ga amfanin sanin juna a 1945, lokacin babban yajin aikin da ya fara a watan Yuni ya ɗauki sama da kwana arba'in, wanda ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suka zama ƙashin bayansa. Neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa ne ya haɗa su, amma da saƙo bai iya tsallaka yare ba, da bai bi layi ya kai Zariya da Kano ba.

Akwai kuma wurin da wasan ba ya shiga ko kusa, kuma wannan ma yana cikin abin da ya raya shi. Tsohon layinmu guda ɗaya ne, mai hawa da mai sauka duk a kansa suke bi, sai a tasha ake kauce wa juna. Direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an miƙa masa sandar izini a hannu. Tuta ja, tuta kore, fitila da dare, busa, da 'yan kalmomin Turanci ƙayyadaddu waɗanda ba a canza musu ko harafi. Wanda ya yi raha a nan rayuka zai zubar. Saboda haka mutanen da suke yi wa juna dariyar furuci da yamma su ne waɗanda da safe ran kowannensu ya rataya a kan ɗayan ya ji daidai, ya faɗa daidai. Wanda ka yarda da kunnensa a kan sigina, ba za ka zargi zuciyarsa ba in ya tsokane ka a kan "ya" da "ta".

Masu son jirgi a ko'ina cikin duniya mutane ne masu gardama, daga na Ingila masu tsayawa a ƙarshen dandamali suna rubuta lambar kowane kan jirgi, har na Japan da Indiya. Namu ma haka suke, sai dai tasu gardamar da yare huɗu ake yin ta. Wa ya fi, mai kwal ko mai dizal? Tsofaffi suna bayan mai kwal, musamman waɗanda aka kawo bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka raɗa musu sunayen koguna. Samari suna bayan dizal, wanda ya fara shigowa a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Daga nan sai a gangaro kan jirgin na waye. Dattijon Ibo ya ce da Hausa, nasu ne, tunda kwal ɗin Inugu ya ci ya girma. Malam ya ce da guntun Ibonsa, wanda ya ci abincinka ya yi dakon gyaɗata ai yarona ne. Baba ya ce duk su yi shiru, hedikwata tana Ebute Metta, kuma uban gida ba ya gardama da 'yan haya. A lura, kowa da yaren abokin hamayyarsa yake kai sara. Da nasa zai yi, da ta zama alfahari; da ya yi da na wancan, ta zama kyauta. Har Indiyawan da suka riƙe ragamar reluwe daga 1979 zuwa 1982 ba su tsira ba. Ana ba da labarin yadda suke kaɗa kai suna cewa "acca, acca", wato to madalla a yarensu, mutanen Kafanchan kuma suna mamakin wannan irin son acca da ba a taɓa ganin sun saya ba.

Abin da yake damuna shi ne kayan haɗin wannan wasa suna ƙarewa, kuma babbansu lokaci ne. Daga Legas zuwa Kano kilomita 1,126 ne a tsohon layi, kuma da aka farfaɗo da jirgin a Disamban 2012 tafiyar takan haura awa talatin. Ba wanda zai ce wannan abin so ne. Amma awa talatin a tarago ɗaya tana tilasta wa mutum ya buɗe baki. Ka tashi cikin Yarbanci, masu talla suna miƙo dodo da moyin-moyin ta taga. Ka tsallake gadar Jebba ka shiga Nufanci da kifi. Gari ya waye maka a ƙasar Gbagyi da doya. Kafin Zariya an koma fura da nono. Dole ka koyi "nawa ne" sau huɗu, dole a yi maka dariya sau huɗu, maƙwabcin kujerarka ya gyara maka, ka gyara masa a tasha ta gaba. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, da na Legas zuwa Badun da ya biyo baya a 2021, alheri ne babba, ina hawa kuma ina godiya. Sai dai taga a rufe take saboda sanyin na'ura, ba mai talla, tikiti ta waya ake saye, kowa da abin sauraro a kunne, kafin ka gama nazarin fuskar na kusa da kai an iso. Bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 kuma sai wani shiru na dabam ya ƙaru, irin na mutanen da kowa yake addu'a a ransa.

Kwatas ɗin da suka haifi yara masu yare uku su ma sun tsufa, aikin da yake ɗaukar mutum daga Inugu ya ajiye shi a Gusau shekara goma ya ja baya. Abin da ya rage mini na fata shi ne irin samarin nan masu waya. Son ƙarfe ne ya kawo su, amma ƙarfen ya zaunar da su gaban mutanen da ba za su taɓa zama da su ba, kuma ya haɗa su da takwarorinsu na Badun da Inugu masu irin wannan ciwo, suna aika wa juna hoton kan jirgi da tsokana cikin Hausa da Yarbanci da Turancin buroka.

Kwanan baya hira ta kai kan layin da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya shiga Maraɗi. Nan kuwa wani sabon abu ne, don Hausa za ta haɗu da Hausa, ɗaya ta sha Turancin Ingilishi ɗaya ta sha Faransanci. Mu mu ce makaranta da malam, su su ce lakwal da mushe, kuma Maraɗawa asalinsu Katsinawa ne, ba su da wanda za su ji wa kunya. Malam ya ce yana jiran ya ji sunan da za su sa wa tikiti da tarago kafin ya san ta inda zai kama su. Dattijon Ibo ya ce shi ya yi ritaya daga koyon yare. Baba kuwa ya jingina sandarsa da gindin bishiya ya ce in Allah ya kai shi ranar, a kama masa kujera kusa da taga, akwai sauran wurin yare ɗaya a bakinsa, kuma ya ji an ce Faransanci ma yana raba namiji da mace, to su ma su shirya.